Turanci da Hausar Zangon Kumasi: Sharhi a Kan Wasu Sigogin Nahawu da Ake Ɗora wa Laifi

1.0 Gabatarwa

Akwai maganganu biyu da suka zama ruwan dare game da bakin mutanen Zangon Kumasi. Ta farko ana jin ta ne a wurin Hausawan Nijeriya da Nijar waɗanda suka je Gana fatauci ko ziyara, suka dawo suna cewa Turanci ya ɓata Hausar 'yan Zango. Ta biyu kuma ana jin ta a wurin wasu masu koyar da Turanci, waɗanda suke ganin Hausa ce ta hana yaran Zango iya Turanci. Ke nan an sa yaron Zango a tsaka mai wuya: in ya yi Hausa a ce ya gurɓata ta da Turanci, in ya yi Turanci a ce ya gurɓata shi da Hausa. Da a bakin kasuwa maganganun suka tsaya, da da sauƙi. Sai ga shi sun shiga rubuce-rubucen ɗalibai, inda “tasirin Turanci” ya zama amsar da ake bayarwa ga duk wani bambanci da aka ji tsakanin Hausar Gana da Daidaitacciyar Hausa.

Wannan takarda sharhi ce a kan waɗannan maganganu biyu. An ɗauko wasu sigogin nahawu da aka fi ambatawa, aka auna su ɗaya bayan ɗaya don a ga wanda Turanci ya kawo da wanda aka laƙaba masa kawai. Hausawa sun ce kama da wane ba wane ba ne. Don wata jumlar Hausa ta yi kama da ta Turanci, wannan bai isa hujjar cewa daga Turanci ta fito ba.

2.0 Zangon Kumasi da Harsunansa

Kalmar zango Hausa ce tsantsa, tana nufin wurin da ayari yake sauka ya sauke kaya ya huta. A Gana ana furta ta zongo, kuma ta koma sunan unguwar baƙi Musulmi a kusan kowane gari. A Kumasi ta haɗa unguwanni irin su Aboabo da Asawase da Sabon Zango da Yalwa da Sawaba.

Goro ne ya fara kai Hausawa wannan yanki, kamar yadda Paul Lovejoy ya nuna a littafinsa na 1980 a kan fataucin goro. Fatake daga Kano da Katsina da Sakkwato sukan ratsa Bargu su sauka Salga a ƙasar Gwanja, su sayar da kanwa da tufafi da fatu, su sayi goron da aka kawo daga dazuzzukan Tonawa, wato mutanen Asante. Tun a 1817 Bature Thomas Bowdich ya tarar da malamai Musulmi a fadar Kumasi. Amma Zangon da aka sani yau daga baya ya kafu. A 1874 sojojin Ingila suka ƙone Kumasi, Salga ta suɓuce daga hannun Tonawa. A 1892 basasa ta tarwatsa kasuwar Salga. A 1896 Turawa suka kama Sarkin Asante Prempeh na ɗaya, sannan bayan yaƙin Yaa Asantewaa na 1900 ƙofar Kumasi ta buɗe wa mutanen arewa. Jirgin ƙasa ya iso garin a 1903, noman koko ya bunƙasa, masu neman kuɗi suka yi ta kwararowa.

Abin lura shi ne, waɗanda suka cika Zangon ba duka Hausawa ba ne. Akwai Mosi da Dagomba da Wangarawa da Zabarmawa da Fulani da Yarabawa da Kotokoli da Gurunshi. Hausa ce ta zama harshen da ya haɗa su a kasuwa da masallaci da makarantar allo. Enid Schildkrout, a littafinta na 1978 a kan Zangon Kumasi, ta nuna yadda 'ya'yan Mosi da aka haifa a garin suka tashi da Hausa a bakinsu fiye da harshen iyayensu. Wato kakannin masu magana da yawa na yau sun koyi Hausa ne da girmansu, a kan harshen da suka riga suka iya, sannan 'ya'yansu suka gaje ta a matsayin harshen farko. A gefe guda kuma ga harshen Twi na masu gari, wanda duk mai saye da sayarwa a kasuwar Kejetia ba ya rabuwa da shi.

Turanci shi ne auta a cikin waɗannan harsuna. Iyaye da yawa a Zango sun daɗe suna ƙyamar makarantun mishan, kuma sai a 1987 aka kafa sashen ilimin Islamiyya a ƙarƙashin hukumar ilimi ta Gana, wanda ya shigar da makarantun Islamiyya da dama cikin tsarin boko. Duk mai son ɗora wa Turanci alhakin wata siga, wajibi ne ya riƙe wannan jeri na tarihi a zuciyarsa.

3.0 Ma'aunai Uku

Kafin a yanke hukunci a kan asalin wata siga, akwai tambayoyi uku da ya kamata ɗalibi ya yi:

(i) Shin sigar tana cikin harshen da ake zargi? Harshe ba ya ba da aron abin da ba shi da shi.

(ii) Shin ana samun sigar a wani karin harshen Hausa, ko a wani harshe maƙwabci da ya riga Turanci zuwa?

(iii) In Turancin 'yan Zango ake tuhuma, shin ana samun sigar a Turancin ƙasashen da babu Bahaushe ko ɗaya?

Da waɗannan tambayoyi za a auna misalan da ke tafe.

4.0 Sigogin da Aka Laƙaba wa Turanci

4.1 Jinsi

Babban abin da yake fara bugun kunnen Bakano a Zango shi ne jinsi. A Daidaitacciyar Hausa kowane suna tilo namiji ne ko mace, kuma wannan yana bayyana a zagin aikatau da harafin mallaka da dirka da sifa da nunau. A bakin masu magana da yawa a Zango, sigar namiji ta haɗiye ta mace. A misalan nan, ta hagu ita ce daidaitacciya:

(1) a. Amina ta zo. / Amina ya zo.
b. Na gan ta a kasuwa. / Na gan shi a kasuwa.
c. Rigar Audu ce. / Rigan Audu ne.

Masu ɗora wa Turanci laifi sukan ce ai Turanci bai san jinsin riga ko mota ko gona ba, shi ya sa ɗan Zango ya daina bambancewa. Wannan hujja tana da ɗan kamshin gaskiya a kan (1c) kaɗai, kuma ko a nan ɗin ma'auni na biyu ya rushe ta. Masana karin harshe, ciki har da Paul Newman a nahawunsa na 2000, sun nuna cewa jinsin nahawu ya yi rauni ƙwarai a Hausar Zazzau da ta Bauci. Bazazzagin da ya ce “motan Audu ne” gadon karin garinsu ya faɗa, kuma tsohuwar da ba ta taɓa taka aji ba ita ma haka take cewa.

A kan (1a) da (1b) kuwa, ma'auni na farko ya isa. Turanci yana bambance he da she, da him da her, bambanci mai tsauri wanda ba a yafe wa ɗalibi. Da a ce Turanci ne yake jan Hausar Zango, da wannan ne wurin da bambancin ya da ta zai ƙara ƙarfi. Idan aka waiwayi sauran harsunan Zango kuwa, sai a ga amsar a fili. A Twi, wakilin suna ɔ yana tsaya wa namiji da mace. Bambancin da harshen ya damu da shi shi ne tsakanin mai rai da marar rai. A harshen Dagomba o ne ga duka biyun, a harshen Mosi a, a Zabarmanci a, a Yarabanci ó, a Fulatanci o. Babu ko ɗaya daga cikinsu da yake raba namiji da mace a wakilin suna. Mutumin da ya tashi da irin wannan tsari, ya zo ya koyi Hausa a bakin kasuwa, ba abin mamaki ba ne ya ɗauki ya ya bar ta. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai, kuma maɗaukin kanwar a nan ba Bature ba ne. Hasali ma, wannan tsari na harsunan yankin shi ne yake sa a ji ɗan Gana, Bahaushe ne ko Batone, ya kira mace he a cikin Turancinsa. Ke nan Turanci da Hausa duka biyun abu guda ne ya same su.

Akwai masu cewa rashin jinsi yana kawo ruɗani. Gaskiya ne jumla kamar “Audu ya gaya wa Amina ya ci jarrabawa” tana iya ɗaukar ma'ana biyu a Zango. Amma in aka sa Musa a madadin Amina, jumlar tana da wannan harshen damo a Kano ma, kuma ba wanda ya ce Kananci ya lalace. Muhallin magana ne yake warware ta a can da nan. Abin da ɗalibi ya kamata ya rubuta shi ne, wannan kari yana da ƙa'ida tasa tabbatacciya, wadda ta sha bamban da ta Daidaitacciyar Hausa.

4.2 Ɗan Tsokaci a Kan Sauti

Ko da yake nahawu ne abin dubawa, tsarin sauti yana ƙarfafa wannan matsayi. An san Hausar Gana da mayar da ky zuwa c, da gy zuwa j, a ce cau a maimakon kyau, jara a maimakon gyara. Ganɗantawar takan kama k a gaban i da e: aboki ya koma aboci, wake ya koma wace, wanda shi ne asalin sunan abincin nan na shinkafa da wake da 'yan Gana suke rubutawa waakye. Turanci yana furta key da give ba tare da wannan sauyi ba. Twi kuwa yana da waɗannan sautuka na ganɗa, su ne ma yake rubutawa da ky da gy. Haka nan zubar da ƙugiyar ɓ da ɗ da ƙ, har ƙafa da kafa su zama ɗaya: Turanci ba shi da waɗannan sautuka, amma Twi da harshen Dagomba da na Mosi ma ba su da su, kuma sun riga shi haɗuwa da Hausa da shekaru masu yawa.

5.0 Sigogin da Turanci Ya Shigo da Su

Wanke Turanci daga laifin da bai yi ba, ba ya nufin hannunsa babu komai. Akwai wurare huɗu da sawunsa ya fito sosai, amma ba nauyinsu ɗaya ba.

5.1 Aikatau na Turanci a Ƙarƙashin “Yi”

(2) a. Na yi calling ɗinka jiya.
b. Sun yi cancelling ɗin taron.
c. Za mu yi starting da safe.

Wannan ita ce sigar da aka fi kafa hujja da ita, alhali ita ce ta fi nuna ƙarfin nahawun Hausa. Aikatau na Hausa yana da rukunai, kamar yadda F. W. Parsons ya tsara su a 1960, kowane rukuni da wasalinsa na ƙarshe da karin sautinsa. Aikatau na Turanci ba ya shiga wannan tsari kai tsaye. Sai mai magana ya sa masa -ing ya mayar da shi suna, ya jingina shi ga yi, sannan ya haɗa shi da karɓau ta amfani da ɗin. Ginin (2a) daidai yake da na “na yi kiranka jiya”. A lura cewa aikin ya wuce tun jiya, amma ba a ce “na called” ba. Na ne yake ɗauke da nauyin lokaci, kalmar Turanci kuwa kaya ce kawai a kan jakin Hausa. Harsuna da yawa suna yin haka: Indiyanci da karna, Japananci da suru. Sannan sigar ba ta Zango kaɗai ba ce, ita ce ƙashin bayan Ingausar da ake ji a jami'o'in Kano da Zariya. In kalma ta daɗe takan zauna ta zama 'yar gida, kamar canji da ya haifi canza da canzo da canzu.

5.2 Ƙidaya

(3) a. Ba ni sidi goma.
b. Ba ni ten cedis.

A nan tsarin Turanci ya shigo da gaske, domin a Hausa adadi yana bin bayan suna, a (3b) kuwa ya gabace shi, ga kuma -s ta jam'i. Sai dai ya shigo ne a dunƙule, kamar tsibiri a cikin jumla. Ba a jin mai cewa “goma sidi”. Kuɗi da agogo da kwanan wata da lambar waya su ne suka fi tafiya da Turanci, saboda a makaranta da Turanci aka koyi lissafi. Wannan abin kula ne, musamman in yaro ya kai ga kasa ƙirga ɗari da Hausa. Amma ɗalibi ya tuna cewa ashirin da talatin har zuwa casa'in daga Larabci aka aro su, suka ture gomiya biyu da gomiya uku, Hausa kuma ba ta mutu ba.

5.3 “Ta Hanyar” a Gurbin Aikau

Wannan ita ce sigar da ta cancanci suka, ita ce kuma ba a cika ambatawa ba. Turanci yana da ginin jumla wanda yake gabatar da karɓau, ya kawo aikau a ƙarshe bayan kalmar by. Hausa ba ta da wannan gini. In ba a son ambaton aikau sai a yi amfani da an, ko aikatau rukuni na bakwai. In kuwa za a ambace shi, to shi ne zai zama aikau a fili.

(4) a. An gyara motar.
b. Motar ta gyaru.
c. Audu ne ya gyara motar.
d. An gyara motar ta hanyar Audu.

Mai fassara da ya ga by ya sa “ta hanyar” ko “daga” yana zaton (4d) da (4c) ɗaya ne. Ga kunnen Bahaushe kuwa, (4d) tana nufin Audu ne ya yi hanya, ya san makaniki ko ya biya kuɗi, wani ne dabam ya riƙe sifana. A nan ma'ana ce ta sauya, kuma a sanarwa ko labari ko shaidar kotu irin wannan sauyi yana iya ɗora wa mutum abin da bai yi ba, ko ya sauke masa wanda ya yi. Sigar ta tsallake ma'aunai biyu na farko: tana cikin Turanci, babu ita a karin Hausa na gargajiya, kuma Twi ma ba shi da irin wannan gini. An fi samunta a rubutu da fassara, a saƙonnin WhatsApp da Facebook, da kuma fassarar na'ura tun da Google ya sa Hausa a cikin manhajarsa ta fassara a 2013. Masu rubutu a Kano da Kaduna ba su fi na Kumasi tsira daga gare ta ba. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

5.4 “Kuma” a Duk Inda Turanci Ya Sa “And”

(5) a. Ya tashi ya yi alwala ya tafi masallaci.
b. Ya tashi kuma ya yi alwala kuma ya tafi masallaci.

Turanci yana haɗa suna da suna, jumla da jumla, duk da kalma ɗaya. Hausa tana haɗa sunaye da da, ayyukan da suka biyo juna kuwa sai ta jera su kawai. Kuma tana da aikinta na ƙari ko sauya batu, kuma sau da yawa takan zo bayan kalmar farko, kamar a “Audu kuma ya zauna”. Wanda ya saba da rubutun Turanci yakan ji kamar (5a) tana da giɓi, sai ya cika ta da kuma. Twi shi ma jera aikatau yake yi, saboda haka ba shi ne ya kawo (5b) ba. Wannan tasirin aji ne, kuma a takarda ya fi fitowa.

6.0 Turancin 'Yan Zango

Idan aka juya ga magana ta biyu, cewa Hausa ce ta ɓata Turancin yaran Zango, ga irin misalan da ake kawowa tare da takwarorinsu na Hausa:

(6) a. I am coming. / Ina zuwa, a bakin mai fita.
b. I am having two brothers. / Ina da 'yan'uwa biyu.
c. Borrow me your pen. / Ara mini bironka.
d. He is tall than me. / Ya fi ni tsawo.
e. The man whom I went to his house. / Mutumin da na je gidansa.
f. advices, furnitures / shawarwari, kayayyaki
g. You didn't eat? Yes. / Ba ka ci ba? E, ban ci ba.

Kamar ta yi yawa, har mutum ya ce shari'a ta ƙare. A (6b), alal misali, Hausa tana bayyana mallaka da ina da, wato da lamirin lokaci mai ci, sai a ga kamar shi ne ya haifi am having. Amma ma'auni na uku ya hana gaggawa. Sigogin (6b) da (6f) sanannu ne a Turancin Indiya da na Kenya, inda babu Hausa. A Gana ma K. A. Sey ya tattara irin waɗannan sigogi tun a littafinsa na 1973 daga Turancin 'yan boko, waɗanda akasarinsu ba Hausa suke yi a gida ba. Tushen yana cikin Turancin kansa. Harshen ya yarda a ce I am having lunch, ya hana I am having a car. Ya yarda da suggestions, ya hana advices. Mai koyo a ko'ina yakan miƙe ƙa'ida ta wuce inda masu harshen suka tsayar da ita. Iyakar abin da za a ce, Hausa ta tarar da ƙofa a buɗe ta ƙara tura ta.

Sauran misalan kuma tarayya ce ta yankin. Batone yana cewa mereba, wato ina zuwa, alhali fita yake yi. Kwatanci da aikatau mai ma'anar fi yana cikin Twi, yana kuma cikin Turancin Buroka, inda ake amfani da pass. Magnus Huber, a littafinsa na 1999, ya yi nazarin wannan Buroka a unguwar Nima ta Akra, wadda ita ma zango ce. Amsa tambayar korewa da e don tabbatar da korewar ita ma ta game harsunan Afirka ta Yamma da yawa. Ke nan yaron Aboabo yana da harsuna uku da suke tura shi waje guda, kuma zaɓen Hausa ita kaɗai a ɗora mata laifi ya zama an bar jaki ana dukan taiki.

Wannan bai hana a gyara wa yaro ba. Da Turanci ake rubuta jarrabawar BECE da WASSCE, mai duba takarda kuma ba ya tambayar tarihin siga kafin ya ja jan biro. Inda suka take shi ne a kan ƙananan littattafan kurakuran Turanci masu layi biyu, kuskure a hagu daidai a dama, ba tare da dalili ba. Yaro yakan haddace I have don jarrabawa, in ya fita waje ya koma inda ya fito. Da za a nuna masa cewa ara da ara wa sun rabu a Turanci zuwa kalmomi biyu, ko cewa yes na Bature yana bin gaskiyar aikin ne ba siffar tambayar ba, da gyaran ya zauna. Wanda zai iya wannan bayani kuwa sai malamin da ya san nahawun Hausa. A cikin harsuna 11 da gwamnatin Gana ta tanadar wa littattafan firamare a shekarun 2000 babu Hausa, saboda haka yaron Zango ya koyi nahawun Turanci da na Twi a aji, bai koyi na harshen da yake tunani da shi ba.

7.0 Gyara a Kan Ma'aunin Kansa

Akwai wani tasirin Turanci da ya fi duk waɗannan ɓuya, domin yana cikin kalmomin da ake koyar da nahawun Hausa da su. An saba kiran na da ka da ya “shuɗaɗɗen lokaci”, ina da kana “lokaci mai ci”, bisa tsarin littattafan Turanci. A duba waɗannan:

(7) a. Kafin ka zo gobe, na gama.
b. Jiya ina karatu sai ya shigo.
c. Na sani. Na gaji. Na ƙoshi.

A (7a) “shuɗaɗɗe” ya faɗa gobe. A (7b) “mai ci” ya faɗa jiya. A (7c) kuma halin da ake ciki yanzu ake nufi. Abin da lamirin Hausa yake nunawa shi ne ko aiki ya kammala ko yana gudana, a duk lokacin da ake magana a kansa, kamar yadda Newman da Philip Jaggar suka bayyana a nahawunsu na 2000 da 2001. Ɗalibin da ya tafi Kumasi da ma'aunin Turanci a kansa zai ji (7a) a bakin ɗan Zango ya rubuta cewa ya rikita lokuta, alhali Hausa ya yi tsantsa. Ba a ce a zubar da kalmomin da aka saba da su ba, amma a san iyakarsu.

8.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata, an ga cewa sigogin da aka fi yi wa Hausar Zango dariya a kansu, wato jinsi da sauti, sun samo asali ne daga cuɗanya da Twi da harsunan arewacin Gana da maƙwabtansu, wasu kuma suna da takwarori a Zazzau da Bauci. An ga cewa aikatau na Turanci a ƙarƙashin yi da ƙidaya aro ne wanda bai taɓa ginshiƙin jumla ba. Inda Turanci ya taɓa ginin Hausa da gaske shi ne a “ta hanyar” da yawan kuma, waɗanda cutar masu rubutu ce a duk ƙasar Hausa. An kuma ga cewa yawancin abin da ake kira kuskuren Turancin ɗan Zango ana samunsa inda Hausa ba ta taɓa zuwa ba.

Ɗalibin da zai yi nazari a wannan fage yana bukatar ya naɗi magana yadda take fita, ya rubuta shekarun mai magana da harshen kakanninsa da zurfin karatunsa na boko da na allo, domin Hausar gidan malamai masu zuwa Kano da Sakkwato ba ɗaya take da ta matasan tasha ba. Yana kuma da abin kwatantawa a rubuce: ayyukan ajami na Alhaji Umaru, haifaffen Kano da ya zauna Salga ya rasu a Kete Krachi a 1934, da tatsuniyoyi da al'adun da Malam Shaihu ya rubuta wa R. S. Rattray, aka buga a 1913. Sigar da aka ji a bakin dattijon da bai shiga aji ba, ko aka gan ta a waɗannan takardu, ba ta Turanci ba ce. Wadda ta bayyana a bakin 'yan makaranta kaɗai, ta kuma tsallake ma'aunan nan uku, ita ce za a rubuta a ƙarƙashin tasirin Turanci.